Takun Da Ke Bin Ilyasu Bayan Zagaye Na Huɗu

Akwai wani matashi a unguwar Amriguébé ta birnin Injamena, sunansa Ilyasu. Mahauci ne a mayankar Farcha, amma duk wanda ya san shi ya san gudu ne a ransa, nama kuwa hanyar abinci ce kawai. Saura kwana goma a yi tseren kilomita ashirin da ɗaya, kuma burinsa ɗaya ne tak: ya kai ƙarshen tseren da yayansa Abdurrahim bai kai ba.

Shekara uku ke nan da Abdurrahim ya yanke jiki ya faɗi a kilomita na goma sha bakwai, gab da gada. Kwana biyu ya yi a asibiti ya ce ga garinku nan. Har yau takalmansa na gudu suna rataye a ƙusa a ɗakin mahaifiyarsu, Inna Hadjara, ba ta yarda kowa ya taɓa su.

Mai horar da Ilyasu wani dattijo ne, Baba Rufa'i, wanda shi ma ya sha gudu a zamaninsa har gwiwa ta ce ta gaji. Shi ya horar da marigayin. Wata huɗu ya yi yana gasa wa Ilyasu aya a hannu a wani filin ƙasa da ke Milezi, zagaye goma sha biyu da sauri, sai yaro ya ga taurari da rana tsaka.

Ran nan bayan asuba sai dattijon ya ce, "Daga yau mun rage. Zagaye huɗu da sauri, tsakanin kowanne ka yi tafiyar minti biyu. Kalas, shi ke nan, ka tafi gida ka huta."

"Huɗu, Baba? Ni da nake yin sha biyu?"

"Ɗana, noman an gama shi. Yanzu barin hatsi za a yi ya nuna. Abin da ba ka tara a wata huɗu ba, ba za ka tara shi a kwana goma ba, sai dai ka zubar da wanda ke hannu."

Ilyasu ya yi huɗun. Baba Rufa'i ya danna agogonsa, ya hau kekensa ya tafi. Filin ya yi tsit.

Yana sunkuye yana kwance igiyar takalmi sai ya ji taku a bayansa. Wani ne ke gudu, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa. A duniya mutum ɗaya ya sani mai irin wannan takun. Ya waiga, ba kowa, sai sawunsa shi kaɗai a kan rairayi. Tsigar jikinsa ta tashi. Takun ya wuce shi ya ci gaba da zagaya filin, kamar ana ce masa: Ƙanena, a huɗu ka tsaya? Da wannan lalacin za ka kai inda na kasa?

Ilyasu ya ɗaure igiyar ya bi. Ya ƙara takwas.

Washegari haka, jibi ma haka. Yana jira keken Baba ya sha kwana, sai takun ya dawo, shi kuma ya bi. Tsoro yake ji, ga kuma kunya, don a ganinsa hutawa cin amanar mamaci ne.

Rana ta huɗu, zagaye ɗaya kawai ya yi Baba Rufa'i ya ɗaga hannu. Ya dubi agogo, ya dubi ƙafar yaron, ya matsa ƙwabrinsa da yatsa. Ilyasu ya yi tsalle don zafi.

"Nawa kake ƙarawa in na tafi?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, Yaya nake ji. Wallahi takunsa nake ji. Ba ya tsayawa a huɗu."

Dattijon ya zauna a ƙasa.

"Ai bai taɓa tsayawa ba," ya ce a hankali. "A filin nan na ce masa huɗu, ya yi sha biyar. Na gani da idona. Na ga kuma zazzaɓin da yake ɓoyewa. Maimakon in ƙwace takalmansa, sai na yi ta yabon zuciyarsa. Ya shiga tsere da jikin da ya riga ya ƙare. Kai kwana huɗu ka yi kana jin takun nan. Ni shekara uku ke nan."

Ya share ido da hularsa. "Ba zan kai wa Hadjara takalmi na biyu ba. In ka ƙara ko ɗaya, da hannuna zan cire sunanka daga tseren."

Kwana shidan da suka rage su ne mafi wuya a rayuwar Ilyasu. Kwana biyu bai taka filin ba. Sannan zagaye uku, sannan biyu, Baba yana tsaye har sai ya ga ya bar wurin. Takun bai daina ba. Ilyasu yakan zauna ya rungume gwiwoyinsa yana jin sa yana zagayawa, hawaye na zuba, yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan tashi ba." A mayanka abokan aiki suka yi ta tsokanarsa, wai ɗan tsere ya koma mai gadin inuwa.

Ranar tsere ta zo. Da aka busa usur ya ji ƙafafunsa sakayau, yadda bai taɓa jin su ba. Takun yana bayansa tun daga farko, ƙafar hagu tana jan kwalta. Kilomita goma. Sha biyar. Ga gadar nan ta bayyana.

Daidai kilomita na sha bakwai takun ya tsaya.

Ilyasu bai waiga ba. Ya fashe da kuka yana gudu, don yanzu ya gane daga nan shi kaɗai ne, babu wanda ya san sauran hanyar. Ya kai ƙarshe yana na tara, kan ƙafafunsa.

Da ya isa gida ya miƙa wa Inna Hadjara lambar da aka manna masa a riga. Ta juya ta, ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta taɓa fuskarsa don ta tabbatar. Sannan ta tashi ta sauke takalman nan daga ƙusa, ta kakkaɓe su, ta sa a akwati ta rufe.

Darasi: Ba kowane tsayawa ne lalaci ba. Wanda ya yi aikinsa a kan lokaci, haƙurin hutawa ma aiki ne, kuma jin maganar wanda ya riga ka ganin rami ya fi ƙarfin ƙafa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kashe kansa da ƙoƙari, wataƙila ku zama sanadin ya kai ƙarshe.