Ɗaya Ya Rame, Ɗaya Ya Yi Ƙiba

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun ba a san asibiti ba. Sunansa Jatau, wani bawan Allah mai saƙar tabarma, marar yawan magana. Yana da ƙanne biyu masunta, Barau da Iro.

Wata damina ƙannen nan suna haye kogi da mahaifiyarsu, sai jirgi ya kife. Su biyun suka fita. Tsohuwa ba ta fita ba.

To ku saurara, jama'a, ku ji ikon Allah. Uwa ɗaya, ruwa ɗaya, masifa ɗaya. Amma Barau sai ya daina cin abinci. A kai masa tuwo, ya zuba masa ido har ya sandare. Ya rame, ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Iro kuwa sai ya kama ci. Ya ci nasa, ya ci na Barau, ya kankare tukunya, ya koma ɗaki ya kwanta. Ya yi ƙiba har taguwarsa ta daina shigarsa.

Mutanen gari suka yanke hukunci. Suka ce Barau ɗan albarka ne, baƙin cikin uwa zai kashe shi. Iro kuwa ba shi da imani, uwarsa ta tafi a ruwa shi yana tara teɓa. Dangi suka zo suka ce wa Jatau ya kore shi, ga rumbu ya yi ƙasa, ga kaka da saura. Jatau bai yi musu da su ba, bai kuma kore shi ba. Nasa tuwon ya rage, ba wanda ya sani.

Shi ma fa mutum ne, abin yana sosa masa rai. Sai dai ya ƙudura ba zai hukunta wanda bai tambaya ba. Ran nan da hantsi ya tarar da Iro a bayan rumbu yana tura ɗumame, hawaye na ɗiga cikin kwanon. Ya zauna gefensa, ya tambaye shi a hankali ko yunwa ce haka.

Iro ya ce, "Yaya, ba yunwa ba ce. Sai ina tauna nake daina jin muryar Inna a cikin ruwan nan. Da na haɗiye, sai ta dawo."

Jatau ya tashi ya tafi wurin Barau, shi ma ya tambaye shi. Barau ya ce abinci a bakinsa kamar yashi yake; ya san tuwo ne, amma abin da ke sa mutum ya so shi ya mutu a cikin kansa.

Allahu Akbar. Ashe ciwo ɗaya ne. Likitocin yanzu suna kiransa ciwon damuwa, suna cewa ba a tumbi yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Wurin da Allah ya ajiye sha'awar abinci, ga wani ya dushe, ga wani ya ruru. Jatau bai san wannan ba. Tambaya kawai ya yi.

Daga ranar ba wanda ya sake ci shi kaɗai a gidan. Akushi ɗaya, su uku. Jatau ya ce wa Iro, "Kai za ka riƙa ba ɗan'uwanka a baki. Sai ya haɗiye lomarsa kafin ka kai taka."

Ba a warke nan da nan ba. Wata rana Barau ya ture hannu, wata rana Iro ya tashi da fushi. Jatau ya lallashe su, ya ja su masallaci, ya miƙa musu kaba su taya shi saƙa. Aka yi girbi, aka gama. Sai wata rana suna ci, Barau ya ɗago ya ce miyar nan yaji bai ji ba. Iro kuwa ya tsame hannu da sauran tuwo a akushi, ya ce ya ƙoshi. Jatau ya miƙe ya fuskanci alƙibla ya yi sujada.

Jama'a, kada ku auna zuciyar mutum da jikinsa. A gidajenku akwai wanda ya rame kuna cewa iyayi ne, akwai wadda ta yi ƙiba kuna mata dariya. Ku zauna kusa da su. Ku tambaya kafin ku hukunta. Ku yi musu addu'a, ku kuma raka su wurin likita, tunda Allah ya ba ku abin da Jatau bai samu ba.