Bangon Gabas na Cocin Tsaunin Maryama

Akwai wani tsohon cocin 'yan Katolika a bayan ƙauyenmu, a kan tudun da ake kira Tsaunin Maryama. Ginin ƙasa ne. Kakana ne ya ɗora tubalinsa tun zamanin Turawa, shi da wani Fada da ya zo garin a kan keke. Kowace shekara a tsakiyar Agusta mutane kan zo ziyarar ibada daga garuruwa masu nisa, wasu ma da ƙafa, su kwana biyu a wurin.

Mu Musulmi ne, amma gyaran ginin nan a gidanmu yake. Bayan kakana, mahaifina Malam Badamasi ya karɓa. Kafin kowace damina sai ya je ya yi yaɓe, ya shafa makuba don kada ruwa ya ci bangon, ya dawo gida ya yi sallarsa.

Sunana Sadiƙ. Ina Riyad, cikin masu gyaran tsofaffin gidajen ƙasa a Dir'iyya. Baba ya rasu a watan Maris. Ban samu jana'izarsa ba, domin iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare kuma kafilina, ubangidan da nake ƙarƙashinsa, bai sabunta ta ba. A waya na ga kabarinsa.

Ko arba'in ba a yi ba na ji kwamitin cocin za su shafe ginin da siminti. Na kira shugabansu, Baba Istifanus, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya dawo gida.

Na ce, "Baba, kada ku sa siminti a kan ƙasa. Ginin ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa. In kuka rufe shi, ruwan da ya shiga ta sama zai tsaya a ciki, bango ya ruɓe ba wanda ya gani."

Ya ce, "Sadiƙu, a aji nawa ka tsaya?"

"Firamare na gama, Baba."

"To mu da injiniya muka yi magana. Ubanka ya yi zamaninsa, Allah ya jiƙansa. Yanzu an daina kwaɓa laka."

Ya kashe wayar. Maganar ta ƙona ni, ga kuma ciwon rashin Baba bai warke ba. Na ce a raina ba ni ba cocin nan har abada.

Wata Litinin cikin Agusta, saura kwana huɗu bikinsu, muna hutun tsakar rana a wurin aiki, sai wayata ta fara ƙara. Katikis Habila ne, mai kula da cocin, tsohon abokin Baba. Sau biyu yana kira ina kallon wayar.

Luqman, wanda muke ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha, ya ce, "Ɗauka mana, ko surukarka ce?"

Na faɗa masa ko wane ne.

Ya yi dariya. "Kana Saudiyya kana kwangilar coci? Halas, shi ke nan, bar su da simintinsu. Ba sun ce kai jahili ne ba?"

Gaskiya abin da ke zuciyata ya faɗa. Sai ga hoto ya shigo daga Katikis. Bangon gabas ne, ya sha farin fenti yana ƙyalli, amma ya turo ciki kamar mai juna biyu. A gindinsa mata uku ne da suka zo shara, ɗaya ta shimfiɗe jaririnta a kan zani.

Na san wurin nan. Gefen mata ne. In aka yi ruwa ranar biki, nan suke cunkushewa da yaransu.

Na kira shi.

"Baba Katikis, a fitar da matan nan tukuna. Sannan ka ƙwanƙwasa bangon da makulli, ka kawo wayar kusa."

Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito kamar ta ganga. Luqman ya daina dariya.

"Samo ƙusa da guduma, ka fasa ƙasa-ƙasa, daidai gwiwarka. A hankali."

Bugu uku simintin ya ɓare. Wani baƙin ruwa ya tsiyayo.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Babu bango a nan, Baba. Siminti ne kawai ke riƙe da taɓo. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi."

Na duba agogo, uku saura kwata. Ƙarfe uku mudir, shugaban aikinmu, ke mayar da mu aiki, kuma ba a yarda da waya a kan gini. Kafin Katikis ya nemo Baba Istifanus minti goma sun tafi. Ya zo yana huci.

"Wa ya ce a fasa mana bango? Bishof zai zo ranar Juma'a! Mutane sun taso daga nesa, a ce musu su tsaya a waje cikin ruwa saboda maganar wani lebura?"

Amsa ta zo min har baki, mai zafi, na haɗiye ta.

Na ce, "Baba, na yarda ban yi karatu ba. Kada ka ji tawa. Ka durƙusa ka sa hannunka a ramin nan, don Allah."

Ya tsaya yana kallon wayar. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya durƙusa. Hannun ya shige har gwiwar hannu, ya fito da laka tana ɗiga.

"Yalla, yalla!" Mudir ne a bakin ƙofa. Wayar ma ta yanke, ban ji abin da Baba Istifanus ya ce ba.

Daga ranar layin ƙauyen ya daina shiga. Talata, Laraba, Alhamis, ina yaɓe a Dir'iyya hankalina na gida. Abinci ma Luqman ne ke tilasta min.

Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci kira ya shigo. Katikis ne, ruwan sama na zuba a bayansa, mutane na ihu.

"Ya faɗi, ɗana! Ana tsakiyar addu'a ya faɗi!"

Na zauna a bakin titi. "Mutum nawa?"

"Ko ɗaya! Muna waje, ƙarƙashin rumfuna. Istifanus ya sa wa ƙofar kwaɗo tun ranar Litinin, ya jefa makullin a aljihu. Kwana uku ana zaginsa bai buɗe ba."

Sai na ji muryar Baba Istifanus, ta dushe.

"Sadiƙu, matata da jikokina biyu a gefen nan suke zama. Ka yafe min abin da na faɗa a kan mahaifinka."

Tun rasuwar Baba ban yi kuka irin na ranar ba, a gaban mutane, Luqman na riƙe da kafaɗata.

Da damina ta wuce aka ɓamɓare simintin gaba ɗaya. Kowace Juma'a ina nuna wa maginan ƙauyen ta waya yadda za su haɗa ƙasa da ciyawa, da kwana nawa za a bar ta ta tsumu. Baba Istifanus da kansa yake riƙe wayar. Bangon ya kai rabi yanzu.

Darasi: Kada zafin wulaƙancin da aka yi maka ya sa ka yi shiru alhali ran mutane na cikin haɗari, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. Kai kuma mai takarda, kada ka raina wanda iliminsa a hannu yake. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da maganar da ya kamata ya faɗa yau.