Matar da Ta Haddace Maƙabartar Garinmu

Akwai wani tsohon malamin makaranta a garinmu, can kudancin Romaniya, sunansa Octavian. Da ya yi ritaya a birni ya dawo gida, sai ya buɗe ɗan gidan tarihi a tsohon ofishin gidan waya. Ya tara hotuna, takardun gona da rajistar coci. Aiki kam ya yi, sai dai mutumin akwai ji da kai.

Akwai kuma Safta, tsohuwar da kowa ke kira Tusha, wato goggo. Ba ta iya karatu ba. Shekara arba'in ke nan kullum da safe take zaga maƙabarta da kaskon turaren wuta, tana kiran sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda matanmu suka gada.

Wata rana ta leƙa gidan tarihin, ta kira Octavian da sunansa na yarinta ta ce, "Tavi, ɗauko biro ka rubuta wane ke kwance kusa da wane a maƙabarta. Ƙafafuna sun fara gajiya."

Ya ce, "Farfesa ake ce mini, Tusha. Kuma tarihi takarda ce mai hatimi, ba hirar tsofaffi ba."

Ta ce, "To, Farfesa. Ni dai na san ka tun kana yawo ba wando." Ta ɗauki kaskonta ta fita.

Da ƙanƙara ta narke a bana, kogi ya cika ya haura maƙabarta. Gicciyen kaburburanmu na katako ne. Ruwa ya tumɓuke su ya jibge a jikin shinge, laka ta shafe ƙasa ta zama fili ɗaya. Sunaye na nan a jikin katako, amma wa ya san inda kowanne zai koma?

Saura kwana tara a yi addu'ar cika shekara bakwai da rasuwar mahaifiyar Octavian. An sayi alkamar da za a dafa don sadaka, an gaya wa limamin coci. Ya kwana biyu yana birkita rajista. Akwai suna, akwai ranar binnewa, babu wuri. Wallahi na gan shi tsaye cikin laka rungume da gicciyen uwarsa, ya ba ni tausayi.

A rana ta uku ya je ƙofar Safta, hularsa a hannu.

Ta ce, "A'a, Farfesa! Hatimin ya ɓace ne?"

Ya ce, "Tusha, ki yi haƙuri. Ban san inda Mama take ba."

Sai ta ɗauko kaskonta da sandarta. Ta hura gawayi, ta tsaya a bakin ƙofar maƙabarta, ta fara tafiya yadda ta saba tana kiran sunaye. Duk inda ta tsaya, dangi su kafa gicciye. Octavian na biye yana rubutawa. A layi na huɗu ta buga sandarta a ƙasa.

"Ga mahaifiyarka Anica nan."

Ya ce, "Kin tabbata? Kada na kafa a kan wani."

Ta dube shi ta ce, "Shekara biyar kana birni ba ka zo ba, Tavi. Wa kake tsammani yake yi mata turare?"

Nan ya durƙusa cikin laka ya fashe da kuka.

Yau idan ka shiga gidan tarihinmu, abin da za ka fara gani taswirar maƙabarta ce, kabari ɗari uku da goma sha biyu. A ƙasa ya rubuta da hannunsa: Daga bakin Safta.

Darasi: Takarda na riƙe suna, amma akwai abin da sai a bakin mutane ake samunsa. Kada ka raina tsohon da bai yi boko ba. Je ka zauna da shi ka rubuta tun yana iya faɗa. Ku tura wa duk wanda ke da sauran tsoho a gida.