Alamar da Afiniki Ta Roƙa

Akwai wata unguwarzoma mai suna Afiniki, tana aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana. Kirista ce, ɗiyar Kiristoci, kuma a yankin aka haife ta. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a nan. Musulmi da Kirista, 'yan gari da mutanen ruga, da wuya ka sami gidan da ba ta yanke cibiya ba. Kowa Malama yake ce mata.

Damina biyu da suka wuce, 'yan bindiga suka kashe mijinta Yunana a gonarsa ta gero. Bayan wannan mutane suka yi ta ƙaura. Cocinsu da a da ake rasa wurin zama, ya koma ranar Lahadi benci uku ma ba ya cika. 'Ya'yanta biyu ta tura su Katsina wurin yayanta Markus, ta zauna ita kaɗai a gida.

Wata rana Markus ya bugo mata waya.

"Afiniki, na samo miki aiki a wani asibiti nan Katsina. Me kike jira kuma? Sai an kawo mana gawarki?"

"Yaya, bari in yi addu'a tukuna."

"Shekara biyu kina addu'a. Yaranki kullum sai sun tambaye ni ke."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Amma in ta tafi, matan ƙauyuka bakwai ba su da mai karɓar haihuwa sai sun kai Batsari. In ta zauna, 'ya'yanta na girma ba uba, ba uwa a kusa. Ta yi azumin kwana uku, ba ta ji komai ba sai yunwa.

Sai ta ce bari ta roƙi alama. Ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, in aka yi ruwa kafin Lahadi, na san tafiya ce nufinka."

Ranar Asabar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta yi murna, har ta fara ninke zannuwa. Washegari aka ce ruwan ya cinye kwalbatin hanya, babu motar da za ta fita sai bayan mako guda.

Ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Ruwan da ya ce ta tafi, shi ne ya datse hanyar. To wanne za ta kama?

Ta sake gwadawa. Ta ce ranar Litinin, in namiji ya fara shigowa asibiti, tafiya ce, in mace ce, zama. Da sassafe sai ga wani dattijo ya tallabo matarsa mai ciwon ƙafa, suka ƙetare ƙofa tare, kafaɗa da kafaɗa.

A ranar ta je wurin Mama Saraya, tsohuwar da ke shugabantar zumuntar mata a cocinsu. Ta same ta tana ɓarar gyaɗa, ta gaishe ta, ta kwashe komai ta faɗa mata. Tsohuwa ta yi dariya har sai da ta yi tari.

"Ɗiyata, Allah boka ne da za ki riƙa sa shi bugun ƙasa?"

"Mama, kar ku yi mini dariya. Nufinsa kawai nake so in sani."

"Akwai nufinsa da ya riga ya bayyana ƙarara a cikin Maganarsa. Shi kin gama yi, da kike neman wanda ya ɓoye?"

"Wanne ke nan?"

"Ki roƙe shi ya ƙara miki ƙauna. Sauran zai biyo baya."

Afiniki ta tashi ranta a ɓace. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan matan mutane, ita za a ce wa ta nemi ƙauna? Ta tambayi hanya, an ba ta wa'azi. Duk da haka, da ta zo addu'a sai ta liƙa roƙon a ƙarshe, a fatar baki kawai: "Ka kuma ƙara mini ƙauna. Amin."

Bayan kwana huɗu wata mata daga ruga ta zo awon ciki, cikinta ya tsufa. Ta ce sunanta Asta. Afiniki na cike kati ta tambayi sunan miji.

"Haliru."

Biro ya tsaya a hannunta. Ta tambayi rugar, Asta ta faɗa. Shi ne. Tun bayan rasuwar Yunana ake raɗe-raɗi a gari cewa wannan Haliru ne ya nuna wa 'yan bindiga hanyar gonaki. Ba wanda ya kawo shaida, amma sunan ya zauna mata a maƙoshi kamar ƙaya.

Ta duba ta sama-sama, ba ta ko kalli fuskarta ba. Ta ga matar ta ɗashe, jininta ya yi ƙasa. Da wata ce, da ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Sai kawai ta miƙa mata ƙwayoyi ta ce, "In naƙuda ta zo ku tafi Batsari."

"Malama, ba mu iya shiga Batsari yanzu. Ana tare mutanenmu a hanya."

"Wannan kuma ba ruwana."

Asta ta ɗauki katinta ta fita sum-sum.

Daga ranar addu'a ta ƙi mata. In ta durƙusa sai ta ji bakinta ya yi nauyi, kalmomin na dawo mata kamar ta yi magana cikin randa. Ta rasa gane abin da ke faruwa. Ta roƙi ƙauna, sai ga ƙiyayyar da ba ta san tana da ita ba ta taso har wuya.

Ƙarshe ta ce wa kanta, ai wannan ma alama ce, garin nan ya ɓata mata zuciya. Ta kira Markus ta ce tana tafe. Ta yi magana da Sule mai a-kori-kura ya kwashe ta ranar kasuwar Batsari, tunda an gyara kwalbatin.

Ranar da hantsi an gama ɗaure kaya, katifa da tukwane da akwatin Yunana. Abokin aikinta ya tafi Batsari karɓo magunguna, don haka ta tsaya a asibiti ta bar masa mabuɗi a wurin maƙwabta. Tana rufe ƙofa sai ga babur a guje. Wani dogon mutum ne ke tuƙi, Asta a tsakiya, wata tsohuwa a baya ta rungume ta.

Mutumin ya diro yana haki. "Malama, ki taimaka don Allah. Tun asuba take fama."

Ba sai an gaya mata ko wane ne ba.

Sule ya leƙo daga mota. "Malama, kin san hanyar nan. In azahar ta wuce ni ban bin ta."

Ta yi tunanin a sa Asta a motar a wuce da ita Batsari. Ta buɗe ɗaki ta duba ta, sai ta ga kan jariri ya riga ya sauko. In aka hau wannan hanya mai gargada, a daji za ta haihu, kuma mace mai ƙarancin jini irin wannan ba lalle ta kai ba.

Ta fito baranda ta tsaya. Ga mota da kayanta, ga 'ya'yanta na jira a Katsina. Ga mutumin da ake cewa shi ya jawo mata takaba, ya zuba mata ido. Ta saurara ko za ta ji wata murya daga sama. Babu. Nishin Asta kawai take ji.

Ta runtse ido ta ce a ranta, "Ya Yesu, ban san nufinka ba. Mutanen nan kuma ba na son su, ka sani. In da taka ƙaunar, ka ara mini ta yau kaɗai."

Ta sa safar hannu ta koma ciki.

Yarinya ta fito da cibiya naɗe a wuya, jikinta sanyi, ba kuka. Afiniki ta warware cibiyar, ta share mata baki da hanci, ta yi ta murza bayanta tana hura mata iska. Tsohuwar na gefe tana ta salati. Sai can aka ji ɗan siririn kuka, ya ƙaru, ya cika ɗakin.

Ba a gama murna ba jini ya ɓalle wa Asta. Afiniki ta yi mata allura, ta ɗaura mata ruwa, ta danna mata mara da dukan ƙarfinta tana kiran sunanta kada ta sume. Ba ta san lokacin da ta fara ce mata "ƙanwata" ba. Sai wajen la'asar jinin ya tsaya.

Da ta fito, Sule ya daɗe da tafiya. Ya sauke mata kayanta a gindin bishiyar bedi.

Haliru ya taso ya tsugunna a gabanta, ya cire malafarsa.

"Malama, na san abin da ake faɗa a kaina. Ban iya kallonki bayan abin da kika yi yau in ci gaba da shiru."

Ya ci gaba.

"Ranar nan 'yan bindigan sun tare ni a daji, suka kora shanuna duka. Suka ɗora mini bindiga a ka, suka ce in nuna masu hanyar da ke bi ta gonaki. Na nuna. Na ɗauka ba kowa a gona da ranar. Tsoro ne, Malama, amma hannuna ne ya nuna."

Afiniki ta dafa bango.

"Da suka wuce na ji harbi, sai na bi sawu. Na tarar da maigidanki da sauran rai. Na ɗora kansa a cinyata. Ya riƙe hannuna yana magana da Allah irin taku, ya yi ta kiran sunanki da na yara. Bai mutu shi kaɗai ba. Ina tare da shi har ya cika, sannan na gudu don kar a ce ni ne."

Wani sashe na zuciyarta na so ta ɗauki dutse. Wani sashen kuma ya sami sanyin da ta shekara biyu ba ta ji ba, domin ba wanda ya taɓa iya gaya mata yadda Yunana ya ƙare. Ta ce kawai, "Kar ta ɗauki abu mai nauyi. Ku ba ta zogale da hanta in an samu." Ta juya.

Washegari ta je wurin Mama Saraya tana kuka.

"Mama, na roƙi ƙauna, aka turo mini wanda ya nuna hanya. Wace irin amsa ce wannan? Da na san tabbas shi ne..."

"Da kin sani sai ki bar ta ta mutu?"

"Ban sani ba, Mama. Gaskiya ban sani ba."

"Shi ya sa Allah bai bari kin sani ba sai da kika gama."

"To yanzu yafe masa zan yi? Ban iya."

"Jiya ma ai ba ki iya ba. Inda kika aro ƙaunar jiya, can za ki koma yau."

Haka ta riƙa yi. Wata safiyar ta tashi da sauƙi, wata safiyar da ɗaci. Amma bakinta ya buɗe, addu'a ta dawo, ba ta neman alama ba, sai irin ta ɗa mai gaya wa Ubansa gaskiyar abin da ke ransa. Ta ce wa Markus ya ba ta lokaci har a turo wata unguwarzoma, ta kuma fara zuwa Katsina duk ƙarshen wata. Bai ji daɗi ba, amma ya ce muryarta ta sake.

Bayan sati shida Asta ta kawo jaririyar riga-kafi. Afiniki ta karɓe ta ta yi mata wasa, ta duba idon uwar ta ga jini ya dawo. Ta taga ta hango Haliru tsaye a cikin rana can nesa da asibiti, ya kasa matsowa.

Ta fita ta same shi. Ya sunkuyar da kai.

"Malam Haliru, ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya wuce ba. Na yafe maka yau. Gobe in na tashi na ji abin ya dawo, zan sake yafewa. Haka zan yi ta yi har Allah ya sa ya zauna."

Hawaye ya zubo masa.

Ta ce, "Rana ta yi zafi. Shigo inuwa ka riƙe ɗiyarka, za ta yi kuka in an yi allura."

Darasi: Sau da yawa muna matsa wa Allah ya gaya mana inda za mu je, alhali ya riga ya gaya mana wanda za mu ƙaunata. Wanda ya yi biyayya ga abin da ya sani, a hankali za a haska masa abin da bai sani ba. In ka ga ƙaunarka ta kasa, kada ka ɓoye wa Ubangiji, ka roƙi tasa. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke cikin ruɗani a yau, wataƙila shi ne abin da suke bukatar ji.