Alhaji Isyaku da Lamba Ɗaya

Akwai wani Alhaji Isyaku a Sharada, shugaban ma'aikata ne a wani kamfanin roba. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, amma yana da ciwo guda: bai iya zama na biyu ba. Ko sahun salla ne, sai ya leƙa ya ga wa ya riga shi.

Ni dai da ake zargi da son a san ni, na gode Allah nawa bai kai nan ba. Kyau ne kawai ya yi mini yawa.

Wata rana ƙaninsa Suhaibu, mai aikin haɗa intanet a kamfanonin Bompai, ya zo ya sa masa rauta a falo, na'urar nan mai raba waifai. Ya yi masa bayani cewa duk wayar da ta hau, rauta za ta ba ta lambarta ta cikin gida, don kada saƙon wani ya faɗa wayar wani.

Alhaji ya ce, "Tawa nawa ce?"

Suhaibu ya duba. "Taku ta ƙare da sha huɗu, Yaya."

"Sha huɗu? A gidana? To wa ke da biyu?"

"Talabijin."

"Talabijin ɗin da na ɗauko a Adaidaita da hannuna ta riga ni?"

Suhaibu ya yi dariya, ya ce wanda ya fara hawa shi ake fara ba, ba ruwan rauta da furfura. Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Alhaji kuwa bai yi dariya ba.

Abin ya tsaya masa a rai. A wurin aiki ya samu Mamman mai kula da sito, ya nuna masa inda ake rubuta wa waya lamba da hannu. Alhaji ya riƙe a ka, yana jiran ranar da ta dace.

Ranar ta zo. Ɗansa Abdulbaqi da ke aiki a Malesiya aka yi wa haihuwa, mace, kuma za a sa mata sunan mahaifiyar Alhaji, Hajiya Babba. Tsohuwa ba ta iya doguwar tafiya, don haka aka shirya ta ga takwararta ta bidiyo da safiyar suna, ta sa mata albarka. Tun bayan asuba ta yi wanka, ta ɗaura sabon zani, ta zauna a kujerar tsakiya. Mata sun cika falo, ƙamshin waina ya cika gida.

Alhaji ya ce a ransa, yau gida cike da baƙi, ba za a same shi a sha huɗu ba. Ya shiga ɗaki, ya goge lambar wayarsa, ya rubuta ɗaya.

Ya fito yana gyara babbar riga. Matarsa Hajiya Safara'u ta kira Abdulbaqi. Fuskarsa ta bayyana, ya ɗago jaririya, sai hoto ya daskare a kan gefen tawul. Aka sake kira, ya katse. Wayoyin baƙi ma duk suka tsaya.

Hajiya Babba ta ce, "Ni fa tawul na gani. Ina yarinyar?"

Alhaji ya hau zagin kamfanin layi. Ya kashe rauta, ya kunna, ya hura mata iska, ya ɗaga ta sama kamar mai neman alƙibla. A can kuwa baƙin Abdulbaqi sun fara shirin watsewa. Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Wannan ya fi wa Alhaji faɗa zafi.

Ana haka Suhaibu ya shigo da ledar goro. Ya duba rauta, ya duba wayarsa, sannan ya dubi yayansa.

"Yaya, ko kun taɓa wani abu?"

"Me zan taɓa? Matsayina kawai na karɓa."

"Wane matsayi?"

"Lamba ɗaya."

Suhaibu ya dafe kai. "Yaya, ɗaya ai ta rauta ce! Ita ce ƙofar gida, kowace waya ta nan take fita duniya. Yanzu duk saƙon gidan nan wayarku yake nufa, ita kuma ba ta san hanya ba. Kuma lambobin nan mu kaɗai muka san su. A waje, lamba guda ake gani ta gidan nan gaba ɗaya. Malesiya ba ta san wa ke sha huɗu ba."

Hajiya Babba ta ɗago. Ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan. Wato tsayawa ka yi a bakin ƙofa da babbar riga, ka hana kowa fita? In da girma ake rabawa, ai ina zaune."

Falo ya ɗauki dariya. Alhaji ya miƙa wayar da hannu biyu. Suhaibu ya mayar da ita yadda rauta za ta ba ta lamba da kanta. Ta ba shi talatin da biyu, bayan wayar mai tuyar waina.

Aka sake kira. Sai ga jaririya tana hamma, fuska tas. Hajiya Babba ta matso da ido, ta ce, "Takwara, kin ganni?" Ta yi ta jero addu'a, mata na amin, wata ta rangaɗa guɗa. Amin ɗin Alhaji ta fi ta kowa ƙarfi, daga can bayan kujera.

An ci an sha. Ni da na kawo muku labarin, ko ƙashin rago ba a aiko mini ba. Allah na gani.

Darasi: Ba kowane gurbin gaba ne na ado ba, wani na mai ɗaukar nauyin kowa ne. Ka bar wa mai aiki wurinsa, ka zauna inda aka sa ka, girmanka ba ya raguwa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai son lamba ɗaya na gidanku. Na san halinku, ku karanta ku yi dariya ku wuce ko sannu babu.