Yadda Auduga Ta Rasa Toka

An yi wata kyanwa a gidan Goggo Marka a Gusau, ana kiranta Auduga. Fara ce sol, ga dogon gashi mai laushi har yana share ƙasa in tana tafiya. Ɗan Goggo ne ya kawo mata ita tsaraba daga wata ƙasa mai sanyi. Auduga kuwa ta san tana da kyau, don haka ba ta ganin kowa da gashi.

A gidan akwai wata tsohuwar kyanwa mai suna Toka. Gashinta gajere ne, ba abin kallo a jikinta, amma tana da haƙuri, kuma ba ta iya ganin gaskiya ta yi shiru. Bayan katangar gidan kuma, kusa da tukubar mai tsire, akwai wani ƙaton muzuru da ake ce wa Handama, wanda bai taɓa sanin ƙoshi ba.

Da bazara ta kama, zafi ya sa gashin Auduga ya fara zuba. Ita kuwa ba ta da aiki sai lasar jiki, daga safe har yamma. Duk gashin da harshenta ya kwaso, cikinta yake tafiya.

In Goggo ta ɗauko mataji, sai Auduga ta shige ƙarƙashin gado.

Toka ta ce mata, "Ki bari a taje ki mana. Abin da mataji ya cire, cikinki ya huta da shi."

Auduga ta ce, "Wannan gashin ba na kowa da kowa ba ne da za a riƙa ja da ƙarfe. Ke da ba ki da shi, ina kika san zafinsa?"

Ba a daɗe ba ta fara kakarin amai. Sai ta durƙusa a tsakar gida, wuya a miƙe, ta yi ta fama har ta fitar da curin gashi mai yauƙi. Ga ciwon ciki, ga gudawa. Hankalin Goggo ya tashi, ta saka ta a kwando ta kai ta wurin likitan dabbobi.

Likita ya matsa cikinta, ya tambayi abin da take ci. Goggo ta nuna masa ledar busasshen abincin da take saya mata, 'yan ƙwayoyi ja da kore masu ƙamshin kifi.

Ya girgiza kai ya ce, "Goggo, wannan ya yi mata maiƙo, cikinta ba ya ɗauka. Launin nan ma don idon mai saye aka yi shi. Ki nemi wanda aka yi don masu dogon gashi. Akwai dusa-dusa a cikinsa, ita ke tura gashin ya bi bayan gida. Ki riƙa haɗa shi da tsohon kaɗan-kaɗan har ta saba. Kada ruwa ya yanke a gabanta, kuma a taje ta kullum."

Goggo ta bi shago-shago har ta samo. Sabon abincin ruwan ƙasa ne, ba ƙamshi, ba armashi. Ranar farko Auduga ta tsince ja da koren ta bar sauran. Da tsohon ya ƙare, ta shinshina kwanon ta kau da kai.

"Dusa aka zuba mini. Ni akuya ce?"

Toka ta ce, "Magani ba a cinsa don daɗi. Ki daure, ƙanwata."

"Ni ba ƙanwarki ba ce. Ki dube ni, ki dubi kanki."

Toka ta koma gindin randa ta kwanta.

Duk wannan a kunnen Handama, yana kwance a kan katanga. Bayan azahar, da Goggo ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, sai ya diro tsakar gida da fatar kaza a bakinsa, tana naso. Ya ajiye a gaban Auduga.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, raina ya ɓaci da na ga abin da ake ba ki. Mai irin wannan gashi ai maiƙo ne abincinta, shi ke sa shi sheƙi. Ga wannan ki taɓa. Wancan na kwano kuwa bari in ɗauke miki nauyinsa, kada Goggo ta ga kin bari ta sake kai ki wurin mai allura."

Maganar ta yi wa Auduga daɗi. Ta cinye fatar kaza, shi kuma ya suɗe kwanon tas.

Haka suka ɗore. Yau kitsen tsire da yajinsa, gobe kan soyayyen kifi, wata rana ƙashin da aka tsotse aka yar. Goggo in ta fito ta ga kwano fayau, sai ta yi hamdala, ta shafa kan Auduga.

Toka ta sami Auduga wata yamma ta ce, "Kin san abin da kike yi? Goggo tana ganin kina cin maganinki. Ran da ciwo zai kayar da ke, ba za ta san inda ya fito ba."

Auduga ta ce, "Hassada ce ke cinki. Ba wanda ya taɓa kawo miki ko ƙashi."

"Wanda ke kawo miki, kwanonki yake so, ba ke ba."

"To ki je ki faɗa wa Goggo, in kina da bakin."

Ta san Toka ba ta da shi. Dabba ba ta da hanyar kai ƙara wurin mutum.

Sannu a hankali jikin Auduga ya fara gaya mata. Aman ya daina fitowa, sai kakari kawai. Cikinta ya yi tauri kamar ta haɗiyi dutse. In ta je bayan gida sai ta daɗe tana nishi, ba komai. Ƙasusuwanta suka fito, gashi ne kawai ya rufa mata asiri. Ta ji tsoro a ranta, amma ta gwammace ciwo da a ce Toka ta yi gaskiya.

Goggo ta ɗaga ta wata safiya, ta ji ba nauyi. Ta ce, "Ikon Allah. Kina cinye abinci, amma kina ƙarewa?"

Ran nan da rana, da Handama ya diro, sai ya tarar da Toka zaune a gaban kwanon.

Ya ce, "Tsohuwa, matsa."

Ta ce, "Yau kam sai dai ka bi ta kaina. Kana ganin yarinya tana mutuwa, kai ta cikinka kake yi."

"Ita ta ba ni. Tambaye ta."

Suka dubi Auduga. Auduga ta sunkuyar da kai tana lasar ƙafa.

Faɗa ya kaure. Handama ya fi Toka ƙarfi nesa ba kusa ba, ya yage mata kunne, amma ta ƙi sakin wuyansa. Kwano ya kife, abinci ya watse. Da ya ji motsin ƙofa sai ya fizge, ya haura katanga ya ɓace.

Goggo ta fito ta tarar da Toka tsaye a tsakiyar abincin, tana haki. Ba ta ga muzuru ba. Ta riƙe baki ta ce, "Ashe ke ce, Toka? Ke ke cinye mata abinci, har da faɗa? Shi ya sa baiwar Allah take ramewa."

Toka ta dubi Auduga. Da Auduga ta taso ta goga jikinta da nata, ko ta lashe mata kunnen da ke jini, da Goggo ta yi tunani. Auduga ta san haka sarai. Amma sai ta laɓe bayan ƙafar Goggo, ta yi wani siririn kuka irin na wadda aka zalunta.

Washegari mai kawo wa Goggo gero daga ƙauye ya zo. Dama ya sha roƙon a ba shi kyanwa saboda ɓeraye sun dame shi a rumbu. Goggo ta saka Toka a buhu da hannunta, idonta ya kawo ruwa, don Toka tun tana 'yar jaririya take gidan.

Kafin a ɗaure bakin buhun, Toka ta ce, "Auduga, ki ci abincinki. Ki sha ruwa."

Aka ɗora buhun a bayan babur.

Auduga ta so ta ji daɗi, amma daɗin ya ƙi zuwa. Kashegari ko tashi ta kasa. Tana kwance a gindin randa Handama ya diro, bakinsa wayam. Ya tsallake ta ya nufi kwano.

Ta ce da ƙyar, "Handama, cikina. Ka yi kuka a ƙofar Goggo ta fito."

Ya ce da cikakken baki, "In ta fito ai ni za ta jefa da muciya. Allah ya sawwaƙe, ranki ya daɗe."

Ya suɗe kwano ya tafi. Sai la'asar Goggo ta same ta, jiki ya saki, ido ya kafe.

Likita ya ce curin gashi ya toshe mata hanji, ga wani tsinin ƙashi ya maƙale a ciki. Sai an yi mata aiki, kuma bai yi alkawarin za ta tashi ba. Ya ce, "Kyanwar nan ba ta cin abincin da na ce."

Goggo ta ce, "Na sani, likita. Ɗayar ce ke cinyewa. Na riga na rabu da ita."

Auduga ta tashi, amma da ƙyar. An aske mata ciki da gefe, sauran gashin da ya cukurkuɗe aka datse shi da almakashi. Ta dawo gida da ɗinki, ga wani abu kamar mazurari a wuyanta don kada ta lashi ciwon. Handama ya hango ta daga kan katanga, ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Da ya ga an mayar da kwanon cikin ɗaki, bai sake leƙowa ba.

Ta fara cin abincin nan mai ruwan ƙasa, tana tauna a hankali. Ashe ba shi da wani ɗaci. Cikinta ya lafa, aman ya tsaya, gashi ya soma tsirowa. In Goggo ta ɗauko mataji, sai ta kwanta ta miƙa wuya.

Gidan ya yi mata faɗi. Duk ranar da ta ji babur ya tsaya a ƙofa, sai ta ruga zaure. Mai gero ya zo sau da yawa, buhunansa gero ne kawai a ciki. Wata rana ta ji Goggo ta tambaye shi labarin Toka. Ya ce ai ba ta zauna ba, kwana kaɗan ta yi ta bi hanya, ba a sake ganinta ba.

Da yammar nan Goggo ta ɗora Auduga a cinya tana taje ta. Ta ce, "Kin ga yadda kika murmure? Tun da aka rabu da ɓarauniyar nan kika samu lafiya."

Auduga ta buɗe baki don ta wanke Toka. Abin da ya fito kukan kyanwa ne kawai. Goggo ta yi murmushi ta ce, "Yunwa ko? Bari in zubo miki."

Darasin wannan labari shi ne, ba duk abin da baki ke so ne ciki ke ɗauka ba, kuma mai gaya maka gaskiya mai ɗaci ya fi mai yabonka don abin hannunka. Girman kai yakan sa mutum ya ƙi abin da zai warkar da shi, har ya tozarta mai ƙaunarsa. Lafiya takan dawo, amma amini in ya tafi, ba kullum ake samun damar ba shi haƙuri ba.