Shekara ta Talatin da Uku da Ba Ta Zo Ba

Akwai wata mata mai suna Fumie Kuwabara a garinmu na bakin teku a Japan, tun ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ba ta rufe ba. Har yau ina kewar jiniyar azahar ɗin nan, da ƙamshin gasasshen kifi a bakin ƙofa.

Fumie na aiki a ofishin ƙungiyar ma'aikata. Ita ke duba takardun izinin aiki na likitocin da ƙungiyar ta amince su yi jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Duk wanda takardarsa ta ƙare, sai ta dakatar da shi har ya je ya sabunta.

A cikin likitocin akwai tsoho Tominaga, likitan ƙashi. Rabin mazan garin shi ya yi musu ɗori. Fumie na 'yar shekara tara ƙarfe ya faɗo wa babanta a hannu, Tominaga ya hana a yanke. Ba ta taɓa mantawa ba.

Wata safiya ta buɗe fayil ɗinsa. Takardarsa ta ƙare wata biyu da suka wuce, ga wasiƙun tuni har uku ba amsa.

Hatimin ofis na cikin aljihun teburinta. Da ta buga, ta mayar da kwanan wata baya, babu wanda zai sani. Ta ɗauko shi, ta jujjuya, ta mayar. Ta ɗauki jakarta ta nufi asibitinsa.

"A'a, 'yar Kuwabara ce? Me ya karye?" in ji tsohon. Ta ba hamsin baya, amma a wurinsa yarinya ce.

"Baba Likita, takardarka ce ta ƙare."

Ya yi dariya, ya nuna bango inda ya rataye ta. "Ke dai ba ki iya karatu ba tun kina ƙarama. Sai shekara ta talatin da uku. An ce miki mun kai?"

Nan ta gane abin da ya faru. A Japan ana ƙidayar shekaru ne daga hawan kowane sarki, an kuwa rubuta takardar da ƙidayar zamanin tsohon sarki. Sarkin kuwa ya sauka a shekara ta talatin da ɗaya, aka soma sabuwar ƙidaya daga ɗaya. Tsohon yana zaune yana jiran shekarar da ba za ta taɓa zuwa ba.

"Baba, talatin da ukun ita ce bana. Sunanta kawai aka canja, ta zama ta uku."

Sai ya ce, "To ki buga hatimin mana. Ai kin san ni."

"Na san ka. Amma sai ka je bita ta kwana uku, a gwada idonka da hannunka kamar kowa. Kafin nan zan mayar da majinyatanka asibitin birni."

"Ni? Shekara arba'in da biyar ina wannan aiki, in je in zauna da sa'o'in jikokina? Da hannun wa babanki ya ci shinkafa har ya mutu?"

Maganar ta soke ta. Ta sunkuya ta gaishe shi, ta fito, ta yi kukanta a tashar bas. Da ta koma ofis ta dakatar da sunansa.

Garin ya yi mata ca. Mai sayar da kifi ma ya daina yi mata ƙari. Wani mai walda, Nagahama, da tsohon ke yi wa jinyar targaɗe a wuyan hannu, ya tare ta ya ce, "Awa biyu a jirgin ƙasa saboda takarda, Madam? Mun gode."

Tominaga ya yi wata guda yana fushi, sannan zaman banza ya ishe shi, ya tafi bitar. Karatun bai ba shi wahala ba, har gyara wa malaman yake. A gwajin ido aka tsaya. Ashe yanar ido ce ta rufe masa idanun duka biyun, a hankali, bai ankara ba. Shi ya sa wasiƙu suka taru bai buɗe ba.

Aka yi masa aiki, ya warke, aka sabunta takardar.

Ranar da Fumie ta kai masa ita, ta same shi tsaye a taga riƙe da hoton ƙashi, ya ɗaga shi sama. Bai juyo ba.

"Hannun Nagahama ne," ya ce. "Na ce masa targaɗe ne. Kin ga wannan ɗan layin? Tsagewa ce. Likitocin birni sun gani a ranar farko. Da yana hannuna wata biyun nan, da ba zai ƙara riƙe ƙarfen walda ba."

Ya ajiye hoton, ya juyo, ya sunkuya mata har ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Madam Kuwabara," ya ce, "ki yafe mini."

Darasi: Wanda ya ƙi rufe maka ido a kan ƙa'ida ba butulci ya yi maka ba, sau da yawa shi ne ya fi kowa ƙaunarka. Komai daɗewarka a sana'a, ka yarda a duba ka, domin lafiyar wasu na hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.